Fentin Dodo a Zafin Sakkwato

Shagonmu na buga allunan karramawa ne da hatimi da 'yan kyaututtukan da ake rabawa wajen biki ko walimar sauka. Kafin zuwan wani abokin cinikinmu da muke kira Likita, in ka ce mini fenti, bokiti da rola da bango ne za su faɗo mini a rai. Wata Asabar bayan La'asar sai ga shi ya shigo da kwalin takalmi a hammata. A Ingila ya yi karatu, can kuma ya kwaso wani wasa ya dawo da shi gida. Ya buɗe kwalin a kan teburina. Auduga ce a ciki, cikin audugar kuma wasu 'yan halittu masu ruwan toka, babbansu bai wuce tafin hannu ba. Akwai wani dunƙulen kai mai ƙaton ido a tsakiya da wasu idanu goma a kan tsinkaye, akwai wani ƙato ramamme mai dogayen hannuwa, sai wani ƙadangare mai fukafukai da Turawa ke kira daragon.

"Ƙanena, an ce min hannunka ba ya rawa. Kana iya yi min fentin waɗanga?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mi zai hana?"

Maigida ya ɗago kai ya dube ni, don ya san ban taɓa yi ba, amma bai tona ni ba.

Wasan sunansa Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974. In ana son kwatanta shi da abin da muka sani, sai a ce an aurar da tatsuniya ga dara. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana faɗin abin da zai yi, sai a jefa dayis mai fuska 20 ya raba gardama ko sara ya samu ko ya kuskure. Ana shimfiɗa taswira mai gidaje, kowane gida inci ɗaya, yana tsaye a madadin ƙafa biyar, a kanta ake jera jarumai da dodanni. Jarumin mutum tsawonsa milimita 28 zuwa 32 ne, ko ɗan yatsa bai kai ba. A kan wannan ɗan abu ake so ka fitar da ido da haƙori da tsatsar takobi.

Na ɗauki ƙaton nan mai dogayen hannuwa na fara da shi. Na sayo fentin ruwa irin na 'yan makaranta na shafa masa kore. Sai fentin ya riƙa tattaruwa ɗigo-ɗigo kamar ruwa a kan faranti mai maiƙo. Na ƙara, na ƙara, har ya rufu. Washegari na sa farce kaɗan, sai ga koren ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Kwana biyu ina zargin fenti, ashe laifin nawa ne. Irin waɗannan dodanni da rezin ake zuba su: ruwa biyu ne ake haɗawa a zuba a mazubin silikon su daskare, kuma kafin a zuba sai an shafa wa mazubin wani mai, kamar yadda mai masa ke shafa wa tanda don kada ta kama. Wannan man yana nan a jikin dodon har ya iso hannunka daga ƙasar da aka yi shi. Maganinsa ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, a bi kowane lungu. Bayan ya bushe sai a yi masa fentin shimfiɗa, wanda shi ke kama jikin rezin, sauran launuka kuma su kama shi.

Tun daga nan na gane rabin aikin ana gama shi ne kafin a buɗe kwalbar launi. A kankare layin da bakin mazubi ya bari. A goge da samfefa, amma a jiƙa ta, a sa takunkumi, domin ƙurar rezin ba abin shaƙa ba ce. Takobin da ya lanƙwashe a hanya a tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, a miƙe shi, a tsoma a na sanyi ya tsaya. Gam ɗin da ake haɗa 'yan sojojin wasa na roba da shi, narkar da roba yake yi ya haɗe ta, amma ba ya cin rezin ko kaɗan. Sai sufa gulu. Fiffike mai nauyi kuwa sai an huda shi an huda kafaɗa an zura guntuwar waya a tsakani, in ba haka ba ranar da aka ɗaga shi a tsakiyar wasa zai faɗo. Babu wanda zai taɓa yaba maka a kan wannan wayar, don ba a ganinta.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne garinmu da kansa. Likita ya kawo mini fenti na gaske, na kamfanin Vallejo na ƙasar Sifen, 'yan kwalabe da ko mililita 20 ba su kai ba, na kuma duƙufa kallon bidiyon gwanaye. Duk abin da suka yi sai in kwaikwaya, duk abin da na kwaikwaya sai ya ƙi. Su a ɗaki mai sanyi suke, a ƙasar da rana ke yi musu rowa. Ni kuwa ina Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, fanka na kaɗa iska mai zafi. Kafin buroshi ya tashi daga faranti ya isa fuskar dodo, fentin ya fara bushewa a bakinsa. Na gwada fentin shimfiɗa na feshi da tsakar rana a bayan shago, ya bushe a iska kafin ya sauka, jikin daragon ya fito da gautsi da ƙuraje kamar samfefa. Da hunturu ya zo kuma sai ƙura ta karɓi aiki, ka bar abu ɗanye minti biyar ka dawo ka tarar ya yi gashi. Dabarar da na yi ita ce mafi muni: na riƙa ɗibar fenti da kauri don kada ya bushe da wuri. Ɓawon jikin daragon da mai sassaƙa ya ɓata makonni yana fitarwa ɗaya bayan ɗaya, na cike shi tas, ya koma kamar an shafe bango da siminti.

Wani dattijo baduku a unguwar Madunka ne ya warware mini, abokin mahaifina ne tun suna yara. Na je karɓo saƙon Inna, na zauna ina kallonsa yana ja wa wata jar fata baƙin layi da kuloko. Fatar akuyar Sakkwato ce, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, irin wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Na fito da daragon daga aljihu na nuna masa, ina jiran ya yi dariya. Ya juya shi a hannu ya daɗe.

"Wa ya ɗora mai wanga kaya haka?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Kai ɗiyan zamani. Ko fata ba ta shan rini da ƙarfi. Ka ba ta kaɗan ta sha, ka bari, ka komo. Kuma wane baduku ka gani yana aikin ido da azahar?"

Shi ke nan abin da ya ce, ya koma kan fatarsa. Na dawo na jiƙa daragon na kankare shi na sake daga farko. Na mayar da aikin fenti bayan sallar Asuba zuwa hantsi, lokacin da gari bai farka da zafinsa ba. Na sirka fenti da ruwa har ya yi kamar madara, shafa ta farko ta fito da dabbare-dabbare mai ban haushi, na danne zuciya na bari ta bushe, ta biyu ta gyara, ta uku ta zauna lif, kuma kowane ɓawo yana nan a fili. Na samo robar abinci mai murfi, na shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a ciki, na ɗora takardar da masu gashin kek ke amfani da ita, a kanta nake zuba fenti. Danshi na ratsowa daga ƙasa, fentin da dā ke mutuwa cikin minti biyu sai ya kai ni har in tashi. Gwanayen bidiyo ma suna amfani da wannan, sai dai a wajensu ƙarin jin daɗi ne, a wajena kuwa in babu shi babu aiki. Ƙura kuma na yi mata abin da Inna ke yi wa tuwo, na kife kwano a kai.

Daga nan sauran dabaru suka fara shiga hannu. Akwai fenti mai duhu da ake tsinkawa sosai ya zama kamar ruwan shayi, a malala shi a jiki, shi da kansa zai gangara cikin ramuka ya zama inuwa. Akwai kuma akasinsa, a ɗebo launi mai haske a goge buroshin a tsumma har ka rantse babu komai a kansa, sannan a shafa sama-sama, sai tudun kawai ya ɗauka. Ranar da na fara haɗa biyun a jikin ƙaton nan, jijiyoyin hannunsa suka fito kamar zai motsa, na kira Maigida ya zo ya gani. A ra'ayina masu farawa suna ɓata kuɗi a kan launuka hamsin alhali buroshi ɗaya mai tsinin baki ya fi musu amfani.

Maigida da ya ga abokan Likita sun fara zuwa, sai ya sayo firintar 3D mai aiki da ruwan rezin. Hasken UV, irin wanda ke cikin hasken rana, shi ke daskarar da ruwan, shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace kaurinta milimita 0.05. Dodo mai tsawon santimita 6 shimfiɗa 1,200 ke nan, awoyi ana yi, in aka ɗauke wuta a tsakiya an yi asara, dole muka ɗora ta a kan inbata. Ɗanyen ruwan yana cin fata. Na raina safar hannu mako guda, yatsuna suka yi ja suna ƙaiƙayi, ban sake ba. Bayan an wanke abin da aka buga da sifirit mai ƙarfi, sai a ƙarasa gasa shi da haske. Nan na yi murna, na ce rana dai ba a fi mu ita ba. Na shanya wasu na manta da su har La'asar, suka yi gautsi, mashin ɗaya ya karye da taɓawa.

Babbar kunyar da na sha a kan wani shuɗin daragon ce. A ƙa'idar wasan shuɗi shi ne na hamada mai aman tsawa, shi ya sa Likita ya ce shi ne ɗan garinmu. Don a rage cin rezin na buga shi da rami a ciki, amma na ƙi huda ƙofofin da ruwan ciki zai fita, don kada su ɓata masa ciki. Na yi mako biyu ina fentinsa, ban taɓa aiki mai kyansa ba. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki Likita ya turo mini hoto. Daragon ya tsage daga wuya zuwa wutsiya, ɗanyen rezin da ya maƙale a ciki ya tsiyaye a kan katakon kabad. Na so in ce zafi ne. Da na faɗa da ya yarda, don a Sakkwato zafi na ɗaukar laifin kowa. Maigida ya ce, "Kai ka san abin da ka yi, tafi ka gaya mai." Na je na faɗa, na sake buga wani da ƙofofi biyu a ƙarƙashin ciki, rezin ɗin daga albashina.

Tarawa kuwa wata cuta ce daban. Masu harkar suna da sunan da suke kiran dodannin da aka saya ba a fenta ba, tulin kunya, kuma na Likita ya cika durowa biyu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 odar waje ta gagare shi, sai ga shi yana buɗe durowar yana ciro abin da ya manta ya mallaka.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Ranar da na kai aiki gida, Inna ta leƙo ta ce, "Mi kaka yi da gumaka cikin gidana?" Na yi ta bayanin wasa ne, ba ta saurare ni ba. Na je wajen malaminmu ina fatan ya ba ni abin da zan kare kaina. Ya karanto mini hadisan da suka yi tsanani a kan masu surar abu mai rai. Ya kuma kawo na Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da 'yan tsanarta da dokinta mai fukafukai, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya. Har na fara murmushi, sai ya ce malamai da yawa sun taƙaita wannan sauƙi ga wasan yara, "kai da Likitanka kuwa kun wuce wasan 'yar tsana." Ban sake kai ko ɗaya gida ba, kuma har yau zuciyata ba ta gama zama a kan maganar ba. Abin da na yi shi ne na karkata aikina ga filin wasan: ganuwa, rumbu, zaure, kuka, rijiya, duwatsu. Nan babu saɓani, kuma jan ƙasarmu na fi kowane gwanin bidiyo sanin launinsa.

Kwanan baya Likita ya ce ya gaji da dodannin Turawa, yana son ya ja wa abokansa labari da Dodon tatsuniyarmu, in yi masa shi. Na rasa ta inda zan fara, sai na tambayi Inna yadda kamanninsa suke, tunda a bakinta na fara jin sa. Ta ce, "Wa ya gan shi ya komo ya ba da labari? Muryatai akan ji, sai a ruga." Sai na gina masa bakin kogo a gindin kuka, na warwatsa 'yan ƙasusuwa da fasasshen tulu a ƙofa, cikin kuma na yi masa baƙi shafa biyar, kowace ta fi ta baya duhu, ban sa komai a ciki ba. Daren Juma'a ya gayyace ni in kalla. Ya ajiye kogon a tsakiyar taswira, ya ƙanƙance murya ya ce, "Ina jin warin mutum." Manya huɗu, biyu da furfura, suka yi rabin awa suna gardamar wanda zai fara shiga.