Wane Aji Jakara Take? Wasiƙa Daga Bakin Kogin Tems

Assalamu alaikum 'yan'uwana Kanawa, iyaye da yayye da ƙanne. Ina gaisuwa, ya jama'a, ya kuma ruwa? Na san za ku ce ruwa ya yi gyara, Allah Ya sa haka. To amma ruwan da nake tambaya yau shi ne wanda ke kwance a Jakara da Getsi da Salanta da Challawa.

Ranar Asabar da ta wuce na tsaya cikin wani rafi da ke zuba a Kogin Tems, yamma da Landan, da takalmin roba har ƙugu, sanyin ruwan na ratsa ni har ƙashi. Mu shida ne, duk 'yan sa kai masu auna lafiyar rafin ta hanyar ƙirga ƙwarin da ke cikinsa. Aikin ba wuya: ka kafa koma a gabanka, ka yi ta murje tsakuwar ƙasan ruwa da diddige minti uku cif, ruwa ya kwaso duk abin da ke ɓoye ya zuba a komar. Sai a juye cikin farin faranti, a jira laka ta kwanta. Da farko ba ka ganin komai sai dusar ganye. Can sai farantin ya fara motsi. Wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyarwa ta ɗebo mini wani ɗan ƙwaro a cokalin roba, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, jelarsa uku kamar zare, gefen cikinsa na kaɗawa kamar ana fifita. Da abin da ke kaɗawar yake numfashi, kuma ba ya zama sai inda ruwa ke da wadatar iskar oksijin. A ma'aunin da suke amfani da shi a nan, wasu daga danginsa maki 10 gare su. Jar tsutsar nan ta cikin laka maki 2, tsutsa mai kama da tana maki 1, domin su ko a kwata suna rayuwa. Aka ƙirga, aka rubuta, aka mayar da su ruwa.

Ina tsaye a wurin zuciyata na Kwakwaci. Na ce da za a kafa komar nan a Jakara, me za ta kwaso?

Tun shekarar 2000 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta wajabta a ba kowane kogi aji, kuma Ingila ta ci gaba da tsarin bayan ta fice. Aji biyar ne, kowanne da launinsa a taswira, daga shuɗi na mai cikakkiyar lafiya har ja na wanda ya lalace. Ana duba siffar kogin, ana auna sinadaran ruwansa, ana ƙirga halittun da ke ciki, kuma ma'aunin da ya fi muni shi ke yanke ajin. Kada ku ɗauka kogunan nan tsarkaka ne. A tantancewar 2019, kashi 14 cikin 100 kacal na kogunan Ingila suka samu shaidar lafiya mai kyau. Abin da ya burge ni shi ne kowa na iya buɗe taswira ya ga launin rafin bayan gidansa, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Tems ɗin ma a 1957 an ayyana wani sashensa a matsayin matacce, ga shi yau kifi ya dawo.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne wajen rarrabe ruwa. Muna da kogi da gulbi, muna da rafi da ƙorama, muna da tafki da kududdufi da fadama. Masunci ya san gurbi, ya san mashigi. Wannan duk rabon siffa ne, kuma shi ne tushe, domin ba a auna lafiyar kogi sai an san asalin halinsa. Kogunanmu na yashi ne, su cika su batse da damina, da rani su janye su bar farin rairayi, a tona da hannu a samu ruwa. Wanda ya zo da ma'aunin Turai ya ga busasshen kogi a watan Maris zai ce ya mutu, alhali barcinsa na shekara yake yi. Matsala tana wajen wanda aka sauya wa hali. Madatsar Tiga da aka gama a 1974, zamanin Audu Bako, da ta Challawa a Ƙaraye a 1992, sun ba mu ruwan sha da noman rani a Kadawa da Kura, ba mai musun wannan alheri. Amma sun mayar da kogin da ke bushewa mai gudana rani da damina, kuma can ƙasa wajen Haɗeja da Nguru ciyawar kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. A ƙara da tifofin da ke kwasar yashi ba dare ba rana har gaɓa na zaftarewa. Kogi na iya rasa lafiya ba tare da an zuba masa ko ɗigon guba ba.

Gubar ma akwai ta. Sharada da Challawa da Bompai unguwannin masana'antu ne, kuma jimar fata ta zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha a miligiram 0.05 cikin lita guda, abin da ido ba zai taɓa gani ba. Salanta na kwasar na Sharada ta kai Challawa, Getsi na kwasar na Bompai ta haɗu da Jakara, su tafi tare har madatsar Wasai a Minjibir. A hanya ake ban ruwan latas da kabeji da alayyafo, su dawo mana kasuwa da sassafe. Ban ga laifin manomin ba, ruwan da ya samu ke nan, kuma da shi yake ciyar da iyali.

Malamai a Jami'ar Bayero da sauran makarantu sun daɗe suna ɗibar ruwan nan a kwalba suna aunawa, Allah Ya saka musu. Sai dai kwalba labarin lokacin da aka cika ta kawai take bayarwa. Idan an saki dagwalo da tsakar dare, kafin hantsi ya wuce. Ƙwarin ƙasan ruwa kuwa ba su da inda za su gudu, wata da watanni suna nan, rashinsu shaida ne. Kuma kada wani ya ce ai ana kama tarwaɗa a wurin, ruwan lafiya lau. Tarwaɗa tana leƙowa sama ta shaƙi iska, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe wasu kifayen. A tambayi tsofaffin masunta irin kifin da suke kamawa da, wanda yanzu ba sa gani.

Jakara ce ta fi ci mini rai. Tarihin Kano ya ce a zamanin Barbushe kurmi ne a wurin, ana ce masa Kurmin Baƙin Ruwa. Ashe baƙin ruwa iri biyu ne. Akwai wanda inuwa da ruɓaɓɓen ganye ke rinawa, irin na Kogin Negro a Barazil, baƙi kamar shayi amma cike da kifi. Akwai kuma wanda muka sani, mai kumfa da leda da warin da ke tarar ka tun daga Kasuwar Kurmi. Yau an zuba wa Jakarar cikin birni kankare an shimfiɗa titi a kanta, yaron da aka haifa bayan haka bai ma san akwai rafi a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Kakata, Allah Ya jiƙanta, rafi take ce mata. Mu muka tashi muna ce mata kwata, kuma abin da aka kira kwata ba mai tambayar lafiyarsa.

Roƙona ga Ma'aikatar Muhalli ta jiha da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are shi ne a ba kowane kogi da rafi na Kano aji, a auna shi da asalin halinsa na kogin yashi, damina daban rani daban, a buga sakamakon da Hausa, a karanta a rediyo duk shekara. Ga malaman sakandare kuma, a Afirka ta Kudu akwai tsarin miniSASS da aka yi don 'yan makaranta, kayan aikinsa koma ce da farin faranti da takardar hotunan ƙwari. Sai dai a sa wa yara takalmin roba da safar hannu saboda tsargiya, kuma kada a shigar da su Jakara ko Getsi, wannan aikin manya ne.

In Allah Ya kai mu hutun Disamba ina nan tafe da koma biyu. Daga Tamburawa zan fara, sai Wudil, sai Wasai. Malamin da ke da ɗalibai goma da motar kai su, mu haɗu a bakin gadar Tamburawa.

Naku,
ɗan'uwanku Bakano, mazaunin Landan.