Abin da aikin lab ya koya min game da dangin fangas masu kashe bishiyoyi

Jama'a akwai wata magana da nake yawan ji duk sanda aka taɓo zancen cutar bishiyoyi, wai tunda cuta ta riga ta shigo ƙasa ta bazu to me ya rage kuma da za a ci gaba da tsare katako da dashe a boda, ai an makara. Gaskiya ba a makara ba, kuma wannan shi ne babban abin da karatu da aikin lab suka koya min. Fangas ɗin da ya shigo, wato ƙwayar cutar mai kama da funfuna, ba shi kaɗai ba ne a duniya, yana da dangi a can inda ya fito, in suka biyo bayansa suka haɗu abin yana iya ninkawa.

Farko dai ido ba ya raba su. A lab abin da muke yi shi ne mu yanko ɗan ɓawo daga daidai inda ruɓa ta haɗu da wuri mai lafiya, mu goge da sifirit, mu ɗora a faranti mai agar, wato wani abinci mai daskarewa da fangas ke tsirowa a kai, mu rufe, bayan 'yan kwanaki funfuna ta fito ta rufe farantin. Sai ka jera farantai a gabanka duk launi ɗaya, ka duba a maikroskop ma iri ɗaya, har ka rantse abu ɗaya ne. Sai an ciro DNA an karanta wani ɗan yanki da ake kira ITS, wanda tun 2012 masana suka amince ya zama alamar gane fangas, nan za ka ga ashe iri biyu ne ko uku. Wani lokaci ma ITS ɗin ba ya isa in dangin na kusa ne sosai, dole a ƙara karanta wasu wuraren. Kama da wane ba ta wane.

Misalin da ya fi tsaya min a rai shi ne na bishiyar ash a Turai. A farkon shekarun 1990 aka fara ganin ash suna bushewa daga sama a Foland, ganye ya yi baƙi, reshe ya mutu, babu wanda ya san dalili. Sai 2006 aka gano fangas ɗin aka sa masa suna Chalara fraxinea. Bayan nan aka ga wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa farare masu kama da naman kaza suna fitowa a jikin karan ganyen da ya faɗo ƙasa, aka ce ai wannan Hymenoscyphus albidus ne, wanda aka sani a Turai tun ƙarni na 19 kuma bai taɓa kashe bishiya ba, aikinsa kawai cin mataccen ganye. Kun ga rikici, mutane suka fara tambaya me ya sa abin da ya daɗe yana zaune lafiya ya koma kisa, sauyin yanayi ne ko me. Da aka karanta DNA sai aka ga ba shi ba ne sam, ɗan uwansa ne na kusa daga gabashin Asiya, wanda yanzu ake kira Hymenoscyphus fraxineus. A can gidansu yana zaune a jikin ash ɗinsu ba wata ɓarna ta a zo a gani, saboda sun daɗe tare. Da an tsaya a kan kamanni da har yau ana neman dalili a inda babu shi.

To ga inda abin ya fi ba ni tsoro. A 2018 aka fitar da binciken da ya karanta dukkan ƙwayoyin gadon wannan fangas, aka gano cewa duk wanda yake kashe ash a faɗin Turai daga guda biyu kacal ya samo asali. Biyu fa! Kuma daji ɗaya a Japan ya fi duk Turai yawan bambancin ƙwayoyin gado na wannan fangas. Yanzu ana ta ƙoƙarin zaɓo 'yan bishiyoyin da suka jure cutar don a yi iri da su, amma juriyar nan an gwada ta ne da zuriyar waɗannan biyun kawai, in na uku da na huɗu suka shigo da sabbin ƙwayoyin gado babu tabbacin bishiyar da ta jure jiya za ta jure gobe.

Wani aikin da nake jin daɗinsa sosai, kuma ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada, shi ne ka ɗauko ɗan yankin fangas iri ɗaya daga faranti biyu ka ajiye su kusa da juna a sabon faranti ka jira. In jinsin gadonsu ya dace sai zaren su ya haɗe sumul ba ka ganin iyaka, wato 'yan rukuni ɗaya ne. In bai dace ba sai ka ga layi ya fito a tsakiya inda suka yi karo, ƙwayoyin wurin sun mutu, kowa ya tsaya a gefensa. Da farko mutum zai ɗauka wasa ne, amma wannan layin shi ne ya bambanta abin da ya faru da bishiyar chestnut a Amurka da a Turai.

Fangas ɗin chestnut, Cryphonectria parasitica, daga Asiya ya zo, an fara ganinsa a 1904 a gidan namun daji na Bronx a New York, cikin kamar shekara 50 ya kashe chestnut wajen biliyan 3 zuwa 4, bishiyar da ta cika dazuzzukan gabashin Amurka. Ya shiga Italiya ma, amma a shekarun 1950 sai aka lura wasu gyambunan jikin bishiya suna warkewa da kansu. Ashe wata ƙwayar bairos ce ta kama fangas ɗin ta raunana shi, kuma bairos ɗin yana wucewa ne daga wannan zuwa wancan in zarensu ya haɗe. A wurare da yawa na Turai rukunan da ke iya haɗewa kaɗan ne don haka bairos ya bazu, bishiyoyi suka samu sauƙi. A gabashin Amurka rukunan suna da yawa, ko'ina bairos ya nufa sai ya tarar da layi, shi ya sa dabarar ba ta yi nisa ba a can. Fangas ɗaya ne, bairos ɗaya, bambancin kawai yadda dangantakarsu take a kowane wuri.

Labarin bishiyar elm kuma shi ne ya nuna min cewa su ma fangas ɗin suna iya aro daga dangi. Annoba ta farko Ophiostoma ulmi ne ya kawo ta a farkon ƙarni na 20, wani ƙwaro mai huda ɓawo ne yake yawo da shi, in ya shiga sai jijiyoyin ruwan bishiya su toshe, in ka ɓare reshe za ka ga zane-zane masu launin ƙasa a jikin itacen. An ɗauka abin ya lafa, sai a ƙarshen shekarun 1960 wata ta taso a Birtaniya wadda ta fi ta farko muni, ta shigo a gungumen elm daga Kanada, ta kashe sama da bishiya miliyan 25. Sai 1991 wani masani Clive Brasier ya bayyana fangas ɗin da ya kawo ta a matsayin wani jinsi daban, Ophiostoma novo-ulmi. Abin mamakin shi ne a wasu wuraren da sabon ya fara isa kusan duk kwafin juna ne, rukuni ɗaya, bairos na iya bi ta cikinsu cikin sauƙi. Amma da ya tarar da tsohon a wurin sai aka ɗan yi barbara tsakaninsu, ya karɓi ƙwayoyin gadon da suka ba shi damar hayayyafa da rarrabuwa zuwa rukunai da yawa, ya kuɓuce wa bairos, sannan ya kore tsohon daga wurin. Wato kasancewar tsohuwar cutar a wurin ma taimakon sabuwar ta yi.

Akwai kuma waɗanda muke kira fangas a baki alhali ba su ba ne, irin su Phytophthora. A faranti zare ne kamar na kowa, amma a dangantaka sun fi kusa da gansakukar teku mai launin ƙasa. Wannan ba maganar suna kawai ba ce, magungunan feshi da yawa suna aiki ne a kan wani sinadari da fangas na gaskiya ke ƙerawa a jikinsa, su kuwa ba sa ƙera shi, sai ka fesa ka fesa a banza.

Amma fa kada a ɗauka komai DNA ne, ni wannan yana damuna in na ga ɗalibi ya zana bishiyar dangantaka a kwamfuta ya ce ya gama. Zanen zai gaya maka wane ne ɗan uwan wane, ba zai gaya maka wanda ke kisa ba, ga albidus da fraxineus nan 'yan uwan juna ɗaya lafiya lau ɗaya annoba. Dole ka koma ka sa fangas ɗin a jikin ƙaramin dashe mai lafiya, ka jira ka ga ko cutar ta fito, ka sake ciro shi daga wurin ka tabbatar shi ne. Kuma samfurin da ba a rubuta inda aka ɗebo shi da irin bishiyar da ranar ba, komai kyan sakamakonsa ba zai nuna maka hanyar da cuta ta biyo ba, don Allah masu shiga wannan fanni a riƙa rubutawa tun a daji kafin a dawo lab.

Aikin da nake ganin an bari a baya shi ne shiga dazuzzukan da babu wata cuta da ake gani. Phytophthora ramorum ya fara kashe bishiyoyin oak a Kalifoniya tun tsakiyar shekarun 1990, an yi shekaru ana neman asalinsa, sai da masu bincike suka je dazuzzukan Biyetnam da Japan suka ɗebo ganyen da ya faɗa cikin rafi sannan suka same shi, tare da wasu zuriyoyinsa da ba a taɓa gani a Amurka ko Turai ba.