Ƙananan kalmomin Ingilishi da suka daɗe suna kayar da ni

Ƙannena masu shirin WAEC da NECO da JAMB, da ku da kuka gama karatu kuna rubuta takardun neman aiki, akwai wani ɓangare na Ingilishi da na ɗauki shekaru ina yi masa gurguwar fahimta, kuma ba na so ku ɓata lokacin da na ɓata. Shi ne abin da malamai ke kira "phrasal verbs", wato aikatau da ke tafiya da wata 'yar kalma a bayansa, irin su "up" da "off" da "out" da "after", sai ma'anarsa ta sauya. Ku ɗauki "look" kaɗai. "Look at" kallo ne, "look for" nema ne, "look after" kula da mutum, "look into" bincike, "look down on" raini, "look up to" kuwa ganin girman mutum har ka ɗauke shi abin koyi.

Kuskurena na farko shi ne fassara kowace kalma ita kaɗai, sannan in haɗa. A farkon fara aikina an aiko mana da takarda cewa wani taro "has been put off". Na san "off" da kashe fitila, sai na ɗauka an kashe maganar taron ke nan, na kuma sanar da abokan aikina haka. Ashe ɗagewa aka yi zuwa wata rana. Da sokewa ce, "called off" za a rubuta. Ranar ta zo, ba wanda ya je daga sashenmu, kuma a kaina laifin ya sauka.

Abin da ya fi damuna daga baya shi ne, ai ni Bahaushe ne, bai kamata wannan ya zame mini baƙon abu ba. Wa ya taɓa jin an ce wane ya ci amana ya tambaya ko da miya aka ci? Muna cin bashi, muna cin jarrabawa, muna cin mutunci, muna ci gaba, kuma tun muna yara muke ɗaukar kowanne a dunƙule, a matsayin abu guda. Haka Bature yake ɗaukar "give up" da "give in" da "give away". Ba ya raba su a ransa.

Akwai ma dangantaka da ta fi wannan kusa. Aikin da Ingilishi ke yi da waɗannan ƙananan kalmomi, Hausa da ƙarshen aikatau take yin sa. Muna cewa fita, fito, fitar da. Su kuma su ce "go out", "come out", "take out". Muna cewa ya sha, ya shanye. Su ce "drink" da "drink up". Ci da cinye, "eat" da "eat up". Ƙarshen nan namu da ke nuna an gama da abu kakaf, sau da yawa "up" ne ke ɗaukar nauyinsa a wurinsu, shi ya sa "use up" ke nufin ƙarar da abu, "tear up" kuma yayyagawa. Ranar da na lura da haka na daina ganin abin kamar an yi shi ne don a wahalar da ɗalibai. Sai dai kada ku ɗauka doka ce da ba ta karyewa. "Turn up" na iya nufin mutum ya bayyana a wuri, babu ruwansa da gamawa.

Na kuma ɓata watanni ina haddace jeri, daga A zuwa Z, kowanne da ma'anarsa a gefe. Ranar jarrabawa duk suka cakuɗe mini, domin ban taɓa ganin yawancinsu a cikin jimla ba.

Inda na fi so ku tsaya ku natsu shi ne wurin da ake ajiye abin da aikin ya faɗa wa. Waɗannan aikatau iri biyu ne. Akwai masu rabuwa: za ka iya cewa "turn off the fan" ko "turn the fan off", duka daidai. Amma da zarar ka sa wakilin suna, dole ya shiga tsakiya, "turn it off". Na daɗe ina cewa "turn off it" ba tare da kowa ya gyara mini ba, saboda mutane sun gane abin da nake nufi, kuma kunya ba ta barin su su yi magana. Akwai kuma waɗanda ba a raba su ko kaɗan: "look after her" ake cewa, babu "look her after". Wani lokaci ma wurin ajiyewar ne ke yanke ma'ana. "Turn it on" kunnawa ne, amma "they turned on him" na nufin sun juyo sun afka masa. Ba sai kun yi ta kame-kame ba. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo, wanda yawancinmu muka taso da shi, yana sa wata kibiya mai kai biyu a tsakanin abin da aikin ya faɗa wa da 'yar kalmar idan ana iya raba su. Na yi shekaru ina ganin kibiyar nan ban taɓa buɗe shafukan farko na karanta me take nufi ba.

Masu kalma uku su ma yawancinsu ba a raba su: "put up with" haƙuri da abu, "run out of" ƙarewar abu a hannunka, "get along with" zaman lafiya da mutum. A cikinsu wanda ya fi kayar da masu neman aiki shi ne "look forward to". Wannan "to" ɗin ba irin na "I want to go" ba ne, don haka suna ne ke bin sa, ko aikatau mai ƙarewa da "ing". "I look forward to hearing from you" shi ne daidai. Allah kaɗai ya san yawan wasiƙun da na rufe da "to hear from you".

Sai kuma ƙarin da muke yi inda ba a buƙata. A ofisoshinmu da gidajen rediyo za ku ji "discuss about", "request for", "comprise of", "cope up with". A daidaitaccen Ingilishi "discuss the matter" ake cewa, da "cope with", kuma idan "request" aikatau ne ba ya ɗaukar "for". Haka mai gabatarwa zai ce wa baƙo ya yi "round up", alhali "round off" ne kammalawa. "Round up" tattaro mutane ne ko dabbobi, irin yadda 'yan sanda ke kamen masu laifi. A Najeriya idan an ce mace ta yi "put to bed" kowa ya san haihuwa ake nufi, a Ingila kuwa kwantar da yaro ya yi barci ne. Ni ban ga abin kunya a Ingilishinmu na gida ba, a tsakaninmu yana biyan buƙata. Amma mai duba takardar WAEC da ma'aunin daidaitaccen Ingilishi yake aiki, haka ma wanda zai karanta wasiƙarka ta neman tallafin karatu a waje.

Da na gaji da kuskure sai na koma gudun su gaba ɗaya, kuma wannan ma asara ce. Na riƙa cewa "extinguish" maimakon "put out", "tolerate" maimakon "put up with", ina ganin haka ne iya Turanci. A rubutun hukuma wani lokaci hakan ya dace, amma a hira magana takan fito a sandare, kuma gudun bai hana ni jin su a bakin wasu ba, inda dole in fahimta.

Abin da ya yi mini aiki a ƙarshe ɗan littafi ne da biro. Duk inda na ci karo da ɗaya, a jarida ko a labarai, sai in kwafe jimlar gaba ɗayanta, in ja layi a ƙarƙashin abin da ya biyo baya, sannan in sake rubuta ta da "it" ko "him" don in ga ko yana rabuwa. Ku riƙa lura kuma da ƙasar da rubutun ya fito, domin Ingila da Amurka ba kullum suke tafiya tare ba: wajen cike fom, mutanen Ingila sun fi cewa "fill in", Amurkawa kuma "fill out", kuma duka biyun karɓaɓɓu ne.