Na je kabarin Baƙin Kaboyi

Muna yara a Kano, in aka sa fim ɗin kaboyi a silima, akwai wani dogon baƙin mutum mai askakken kai da ba ya yawan magana. Ba mu san sunansa ba, Baƙin Kaboyi kawai muke ce masa. Sai da na girma na san Woody Strode ne.

Makon jiya ina Los Angeles wajen ƙanena, na matsa masa sai ya kai ni Riverside, garin da kabarin Strode yake. Ya ce, "Yaya, duk abin kallon garin nan sai maƙabarta?" Na ce ita ɗin dai. Muka miƙa gabas kamar awa ɗaya da rabi. A hanya na sha shayi na dala biyar, tsura, ko burodi babu. Kuɗin nan a gida sai su yi wa mutum huɗu karin kumallo har da ƙwai.

Maƙabartar ta sojoji ce, an buɗe ta a 1978, shi ma ya samu wuri a cikinta ne domin ya yi soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Ciyawa kore shar, an daidaita ta, ana ba ta ruwa. Wallahi sai da raina ya sosu, na tuna tamu da katangarta ta zube, awaki na kiwo a kan iyayenmu. Wani dattijo tsohon soja ya duba mana sunan a na'ura, bai tsaya nan ba, ya taka da sandarsa ya raka mu har wurin.

Dutse ne shimfiɗe daidai da ƙasa, irin na kowa. Ga mutumin da aka haifa a 1914, wanda a 1946 shi da Kenny Washington suka shiga ƙungiyar Rams bayan an yi shekara fiye da goma ba a ɗaukar baƙar fata a babbar gasar ƙwallon Amurka. A 1960 darakta John Ford ya ba shi babban matsayi a fim ɗin Sergeant Rutledge, amma yawanci a gefen jarumi yake tsayawa. Ina tsaye ina tuna shi a fim ɗin nan na 1968, Once Upon a Time in the West, yana jiran jirgin ƙasa, ruwa na ɗiga a kan malafarsa, ya cire ta ya shanye. Ciwon daji na huhu ya ɗauke shi a ranar ƙarshe ta 1994, yana da shekara 80.

Dattijon ya ƙi karɓar ko sisi. Da dawowa cunkoson motoci ya riƙe mu, sai bayan magariba muka isa gida.