Kafin ka ƙara wa a-kori-kurarka sifirin, tsaya ka ji

Shekaranjiya da la'asar na biya garejin da nake gyara a Agege, sai na tarar da ɗan wani aminina, yaron da aka yanka ragon sunansa a gabana, an ɗage bayan Hilux ɗinsa an kwance tayoyi, ga fallayen sifirin jibge a ƙasa ya sayo a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo za a cusa masa. Na ce me za a yi da waɗannan? Ya ce Kawu kaya ne ke danne motar, so nake ta riƙa kwashe lodin sawu biyu a sawu ɗaya, ka san kuɗin mai tun da aka cire tallafi a 2023. Yana ba ni amsa yana latsa waya ko ɗagowa bai yi ba. Wallahi gabana ne ya faɗi, don maganar nan da bakina na taɓa yin ta, kusan kalma da kalma.

Lokacin ina jigilar kayan gwari daga kasuwar Mile 12, tumatir da albasa da attaruhu, ina kai wa 'yan kasuwa a Oyingbo da Mushin. Motata tsohuwar Hilux ce tokumbo, wato gwanjon ƙasar waje, mai ƙofa biyu. In aka yi mata lodi sai bayanta ya zauna, gaba ya ɗage, fitila na haska rufin gidajen mutane, duk ramin da ka faɗa ka ji aksil, ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, ya daki robar nan ta jikin shasi, gum. Wani ya ce kai sifirin ɗinka ne ya gaji, je a ƙara maka. Da sabo na saya irin nata da an wuce wurin. Ni kuwa na nemi na babbar mota, na Kanta, aka yanke shi daidai tsawo aka huda tsakiya aka jera a ƙarƙashin nawa, kuma da tsofaffin yubol ɗin, ƙarafan da ke ɗaure sifirin jikin aksil, aka sake ɗaurewa don kar in ƙara kashe kuɗi. Mota ta miƙe tsaye cak. A tasha har zagaye ta ake yi ana yabawa.

Toh daga ranar na daina ƙirga kaya. Da can in bayan ya zauna na san ya isa, in ce wa 'yan dako ku tsaya haka. Yanzu ba ta zama, ko me aka ɗora mata tana nan ƙyam, sai ni ma na yarda ta ƙara ƙarfi. Abin da ban tsaya na yi tunani ba, zaman nan da take yi shi ne kaɗai hanyar da take gaya min kaya sun yi yawa, kuma shi na biya kuɗi aka toshe. Aksil ɗin na da ne, boris na da, birki na da, taya na da, shasi na da. Kamar ka ɗaura wa jaki katako a gadon baya don kar ya lanƙwashe ne, alhali ƙafafun da za su ɗauki kayan ba su canza ba. Irin wannan motar abin da aka ƙera ta ta ɗauka wajen tan ɗaya ne, kilo 1,000, kuma da kai direba da yaron mota da duk tarkacen da ke ciki a lissafin. Buhu 20 na shinkafa mai kilo 50 ya cinye shi kaf tun ba ka zauna a kujera ba. Ni na sha ninka hakan.

Amma fa ba hauka nake yi ba, kada wani ya zauna a inuwa ya yanke min hukunci. Kuɗin haya a Legas na shekara ake biya dunƙule, yara na makaranta, a gida Arewa ana jiran aike, kowace tasha ka tsaya akwai mai miƙo hannu, ga gosulo da zai cinye maka rabin yini a sawu ɗaya. Wanda ya ce ka yi sawu biyu bai taɓa kwana a layi yana jiran a sauke tirelar albasa ba. Kuma kowa haka yake yi, ban ga wanda bai ƙara sifirin ba a cikinmu. Sai dai na sani ko a lokacin akwai dattijon direba da ya ja ni gefe ya ce yaro motar nan ba Kanta ba ce, na ce to Baba na ji, a raina ina cewa tsufa ne.

Ɓarnar a hankali ta fara. In babu kaya motar tsalle take kamar za ta watsar da kai, in ruwan sama ya sauka bayan ya riƙa zamewa a kwana. Shokozoba ba ya daɗewa. Tumatir na kwandon ƙasa ya riƙa isa a farfashe saboda babu sauran laushi a bayan, duk dukan hanya kai tsaye yake shiga kaya, masu kaya suna rage min kuɗi ina masifa da su. Boris ɗin baya ya fara kuka, na canza, ya sake. Wata rana bakanike ya shiga ƙasa ya kira ni ya haska min tocila, ga tsaga siririya a jikin shasi daidai inda kunnen sifirin yake riƙe, tsatsa ta bi ta ja-ja-ja. Na ce a yi walda a lafta faci. Aka yi. Ko a nan ban rage kaya ba, Allah ya yafe min.

Akwai wani abu kuma da sai daga baya aka nuna min. Tsofaffin motocin nan marasa ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, suna da wani ɗan bawul a ƙasa jikin shasi, siririn ƙarfe ya haɗa shi da aksil. Aikinsa in kaya ya danne bayan mota ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in babu kaya ya rage don kar taya ta kulle. Da na ɗage bayan na sandarar da shi, bawul ɗin kullum ganin motar yake kamar fanko, ko da ta cika maƙil. Ma'ana ina tafe da kaya ninki biyu, birkin gaba kusan shi kaɗai ke aiki.

Ranar da abin ya faru da safe ne, an yi ruwa, na taso daga Mile 12 na wuce Ketu ina kan titin Ikorodu wajen Ojota. Danfo, bas ɗin hayar Legas, ta tsaya a gabana ba sigina za ta ɗauki fasinja, yadda suka saba. Na taka birki har ƙasa mota na ci gaba da tafiya, na karya sitiyari, kayan da aka tula sama suka rinjaye ta ta kwanta a gefe. Yaron motata yana saman buhuna, don gaba na sa mai kaya. Ƙafarsa ta karye wuri biyu. Asibiti, daga baya aka kai shi gida wajen mai ɗori, na biya abin da zan iya, iyayensa suka ce ƙaddara ce sun yafe. Har yau yana ɗingishi. Direban danfon yana da nasa laifin, wannan ba na janyewa, amma da kayan da ya dace ne a motar da na tsaya.

Na zauna da niyyar in jero muku shawarwari da yawa, yanzu na ga ba su da yawa. Kar ku ƙara sifirin don ku ƙara kaya, shi ke nan. Ku buɗe ƙofa ku duba farantin da kamfani ya manna, iyakar nauyin motar gaba ɗaya, ita kanta da kayanta, tana rubuce, babu bakaniken da zai canza lambar nan da guduma. Ku duba jikin taya ma, in ka ga 106 bayan lambobin girmanta to kilo 950 ce iyakarta, 104 kuwa 900, shi ma sai iska ta cika kuma tayar ba ta tsufa ba, ga nauyin bayan motar kanta a kai. Lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a jikin tayar mako ne da shekarar da aka yi ta. Ku da kuke yini a waya wannan bai fi ƙarfinku ba, amma a'a, sai bidiyon Turawan Ostireliya da balan-balan ɗin iska da suke sa wa motocinsu, ku zo kuna gaya wa wanda ya girme ku wai an ci gaba. Balan-balan ɗin ma ɗaga mota yake, bai ƙara mata aksil ko birki ba, in ka cika masa iska da kaya duk nauyin wuri ɗaya yake tarawa a shasi.

Na ce kar a ƙara, amma gaskiya in kullum motarka cikin kaya take, kayan da bai wuce ƙa'ida ba, falle ɗaya kowane gefe ba laifi ba ne, har ma ya fi a bar ta tana dukan roba. To a yi shi da kyau. Na irin motar, gefe biyu iri ɗaya, sabon yubol da sabon santabol, wato ƙusar tsakiya da ke haɗa fallayen, tsohon yubol ya riga ya miƙe ba ya sake kamawa, bayan 'yan kwanaki a koma a ƙara ɗaurewa. A canza shokozoba da bushin, a ce wa bakanike ya saita bawul ɗin birkin, in bai san shi ba ka ɗauke motarka ka bar garejin. Ba a yi wa sifirin walda, ba a gasa shi da wuta. Ko da yake ni da zan koma baya ko falle ɗayan ba zan sa ba, don na san halin zuciya, da ka ga ta miƙe sai ka ce a ƙaro buhu biyar.

Mai nauyi a jera shi daga jikin kan mota zuwa saman aksil, kar a tula shi a wutsiya, shi ke sa sitiyari ya yi sakayau. In lodin ya fi ƙarfinta ku haɗa kuɗi ku biyu ku ɗauki Kanta, ko ka bar rabin ga wani direban, ribar ta ragu, eh ta ragu ɗin. Kuma kar ka ƙara ɗora ɗan mutane a saman kaya, ko shi ya ce ya yarda, ko mai kaya zai yi fushi ya hau danfo ya same ka a can.