Godiya ga waɗanda suka tsare mana muryar yaron nan

Assalamu alaikum. Wasan kwaikwayon yara da muka gabatar ya ƙare lafiya, alhamdu lillahi. Jama'a sun yi ta yabon yaron da ya ja wasan ya kuma rera waƙoƙinsa, kuma ya cancanta. Mu dai godiyarmu za ta fara ne daga waɗanda ba su hau dandamali ba.

Ta farko malamar waƙa. Ana saura kwanaki kaɗan muryar yaron ta dishe, ga hunturu, ga ƙura. Ta hana shi waƙa, ta hana shi ko raɗa, domin raɗa ma wahalar da maƙogwaro take yi. Ruwa mai ɗumi kaɗan-kaɗan duk yini, turara da tururin ruwan zafi da dare, sai barci da wuri. Da muryar ta dawo, ba ta bari ya wuce minti 20 yana rerawa a zama ɗaya ba, kuma sai ya yi kamar minti 5 yana gunji a hankali da baki rufe kafin ya buɗe murya. Iyaye su riƙe wannan: dishewar da ta haura mako 2 ba ta zuma da citta ba ce, a kai yaro wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Yawan ihu kan haifar da ƙananan ƙulli a tantanin murya, su ne ke sa ta yi ƙasa-ƙasa.

Sai mai kula da sauti. Yaro ba ya ihu a kan dandamali sai idan ba ya jin kansa. Mai sautin ya ajiye wa yaron ƙaramar lasifika a gabansa tana mayar masa da muryarsa, ya manna masa makirufo a kumatu da filasta, nesa kaɗan da gefen baki don kada numfashi ya riƙa bugunta, ya sa sabon batir kafin a fara. Manyan lasifiku kuma ya tura su gaba da inda yaron ke tsayawa, shi ya sa ba ku ji ƙarar nan mai huda kunne ba. Makaɗa ma sun sassauta hannu duk inda ya shiga, 'yan amshi ba su danne shi ba.

Yarinyar da ta haddace matsayin yaron a wasan kaf, ta zauna a shirye don ta maye gurbinsa ko da ba a kira ta ba, Allah ya yi mata albarka. Matsayin yaro ba a ɗora shi a kan mutum ɗaya.

Ga iyayensa, godiya ta musamman. Sun yarda a ƙirga kuɗin liƙi a gaban shaidu, a ware masa kasonsa a asusu da sunansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jackie Coogan, wani yaro ɗan fim a Amurka wanda ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin ya gano a kan dandamali a Los Angeles ya sa shi a fim ɗinsa da ya fito a 1921, ya tara dukiya yana ƙarami, ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye kusan duka. Ya kai ƙara a 1938, jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939, kuma a yau dokar na tilasta ajiye kashi 15 cikin 100 na abin da yaro ɗan wasa ya samu. Lokacin yaro mawaƙi gajere ne: yawanci tsakanin shekara 12 da 15 muryar namiji kan fara kauri, a sauke masa waƙa ƙasa ko a hutar da shi. Shi ya sa muka ji daɗi da malamansa na boko da Islamiyya suka tsaya kan cewa atisaye sai bayan darasi.

Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaran suna hutu yanzu, ba atisaye sai an gama jarrabawa.