Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Bolar Ojota

A makon jiya na tsaya inda Kawu ya tarbe ni a Agege, ya ce da asuba zai kai ni wurin aiki. Ni duk a zatona shago ne.

Tun motar ba ta tsaya ba wari ya yi mana maraba. Na hango wani tudu ya tokare sama, na ce, "Kawu, ashe Ikko ma akwai dutse?" Ya yi dariya har ta koma masa tari.

"Sharar gari ce, yaro. Olusosun ke nan. Da aka fara zuba ta wajen 1992, nan bayan gari ne. Garin ne ya biyo ta har ya wuce."

Gaskiyarsa kuwa. Gidaje da masana'antu da tashar mota duk sun zagaye ta, ga babban titin Ibadan a gefe.

Ya miƙo mini buhu da ƙugiyar ƙarfe. Da mota ta juye kaya sai mu afka mata kamar fari. Cikin sati biyu na iya rarrabe jan ƙarfe da alminiyam ko da laka ta rufe su, na kuma gane cewa gorar ruwa sai ta cika buhuna kafin sikeli ya san da ita. Ledar fiya wata kuwa, ban san mutane na shan ruwa haka ba sai da na ga inda ledojin ke ƙarewa. Mu ake kira baban bola ana toshe hanci, amma wallahi abin da muke tsincewa a yini, da an bar shi, da kwatocin garin nan sun daɗe da shaƙewa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗumin da nake ji ta tafin takalmin roba, ko da safe. Kawu ya ce idan shara ta ruɓe a ƙasa tana haifar da iskar gas, ita ce ke huci. Wani lokaci ka ga siririn hayaƙi na fita daga tsaga, babu wanda ya ƙyasta ashana.

A watan Maris na 2018 wuta ta kama bolar gaba ɗaya. Baƙin hayaƙi ya rufe Ojota, direbobi suka kunna fitila da rana tsaka, aka yi kwanaki tana ci. Gwamnati ta rufe wurin. Robobin da Kawu ya shafe wata uku yana tarawa suka narke suka zama dunƙule ɗaya. Ya tsaya yana kallo, tsumma a hanci, bai ce komai ba sai "Innalillahi."

Daren nan tarinsa ya hana kowa barci a ɗakin. Da gari ya waye ya ƙirgo kuɗin mota ya danƙa mini, ya ce in tafi kasuwar Mile 12 in nemi wani ɗan garinmu mai albasa.

Yadda muka yi da mai albasa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.